Tunkiyar Baffa

Aikina na albashi ba babban aiki ba ne. Ni ke buɗe ƙofar wani biro, wato ofis, a nan Dakoro, in share, in ɗora shayi, in kai takardu duk inda aka aike ni. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, iyakarsa in karanta sunan da ke bayan ambulan in miƙa wa mai ita. Albashin kan shigo ƙarshen wata, kafin sabon watan ya raba ya yi mana sallama. Shi ya sa na shiga kiwon ragunan Layya a cikin gida, kamar yadda ma'aikata da yawa suke yi a garin nan, wani a fili, wani a bayan zana.

Kiwon ba shi da wani asiri. Bayan kaka, lokacin da harawa take araha, sai in shiga kasuwar bisashe in zaɓi ragunan balami ramammu masu dogon ƙashi, in kafa wa kowane turkensa a ƙarƙashin rumfa. Harawar wake da ta gujiya a jibge bisa rumfar. Da safe kafin in tafi biro in dama musu dusa da ɗan kanwa, da rana maiɗakina ta ba su ruwa da kowar wake, da yamma in na taso in ƙara musu tunkuza. Doka ɗaya na riƙe, ban taɓa saki ba: ragon kiwo ba ya yawo, kuma ba ya zuwa kusa da mace. Duk takun da ya yi a waje, nama ne ya zubar a hanya. Allah ya sa hannuna ya karɓi abin, har ta kai ba na kai rago kasuwa, masu saye ke biyo ni gida. Daga nan kaina ya fara girma, ni kuwa ban sani ba.

Akwai wani dattijo Bafillace da nake kira Baffa. Ba danginmu ba ne, abokin mahaifina ne tun suna samari. Rugarsu tana arewa, can wajen Bader. Duk ran kasuwa a zaurenmu yake sauka, ya jingine sandarsa, ya sha fura, ya tafi cinikinsa, ya dawo ya yi la'asar kafin ya kama hanya. Da mahaifina ya rasu, na gaji zauren, na gaji baƙon.

Wata ran kasuwa na taso daga biro na tarar da shi zaune a zaure da igiya a hannu. A ƙarshen igiyar wata 'yar tunkiya ce uda, gabanta baƙi, bayanta fari fat, kamar an tsoma ta a tukunyar baba an tsaya a rabi.

Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, wagga ba ta samu mai saye ba ne?"

Ya ce, "Ba ta kasuwa ba ce. Habbanaye na kawo maka."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san habbanaye, ko da ba a taɓa ba shi ba. Mutum ya ba ka macen bisa ka riƙe. Ba kyauta ba ce, ba kuma bashi ba ce. In ta haihu a hannunka ɗan naka ne, uwar ta koma gidansu. Ba ka sayar da ita, ba ka yanka ta. In ta mutu kwananta ne ya ƙare, ba a biya. Mai bayarwa shi ke faɗin sau nawa za ta haihu kafin ta koma.

Baffa ya ce, "Sau ɗaya ya isa. Ta haihu, ka yaye, ka maido mani uwar. Babanka bai taɓa amsa ba, shi ko kaza nauyi take mishi. Kai na ga hannunka na son bisa."

Ya shafa wuyanta, ya nuna mini tsagar da ke kunnenta, shaidar gidansu. Ya ce asalin danginta wata tunkiya ce da mahaifiyarsa ta ba shi yana ƙaramin yaro, kuma mafi yawan tumakin da ke bayansa daga cikinta suka fito. Su uwa suke bi wajen ƙidayar dangin bisa, uba ko wane ne. Na yi godiya iyakar iyawata. Raina ya yi fari ƙwarai, don ba kowane Bahaushe ake ba habbanaye ba.

A unguwarmu akwai mai kiwon da ke bi da safe yana tattara tumaki da awakin mutane, ya kai su bayan gari, ya maido su da yamma. Kowace mace a can take haɗuwa da rago, mai ita bai ma san ranar ba. Na sa ta cikinsu 'yan kwanaki. Kullum sai ta dawo jiki duk ƙarangiya, ciki a lafe, ta tsaya kusa da ragunana kamar 'yar aikinsu. Abin bai yi mini kyau a ido ba. Na ce wa kaina amana ce, in ta ɓata a daji ko ɓarawo ya ja ta, da wane ido zan dubi Baffa? Da gaskiya cikin wannan tunani, amma ba shi kaɗai ba ne. Na kafa mata turke, na shiga ba ta abin da nake ba ragunan.

Ashe uda in ta samu wuri ba ta wasa. Kafin Layya ta zagayo ta cika ta batse, gadon bayanta ya yi faɗi har ana iya ɗora faranti a kai. Gashinta yana sheƙi. In ta kwanta sai ta yi shawara kafin ta tashi. Maiɗakina ta sa mata suna Hajiya, sunan kuwa ya bi ta har waje. Maƙwabcina, wani tsohon mahauci da ya bar wuƙa ga 'ya'yansa, in ya leƙo sai ya ce, "Ina Hajiya? An tashi lahiya? Ko har yanzu ana hutawa?"

Sai na lura da wani abu. Duk mai sayen rago in ya shigo, ita yake fara gani. Ya tsaya ya riƙe baki, ya ce in mace ta zama haka a gidan nan, ina ga namiji. Daga nan ciniki ba ya wuya. Don haka na tumɓuke turkenta na maido shi daf da ƙofar shigowa. Mahauta sun sha taya ta, ni kuwa in girgiza kai in ce, "Ba ta sayarwa ba ce, habbanaye ce." Sai a yaba mini sau biyu, a yabi kiwona, a yabi riƙon amanata. Ina jin daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata. Ko yanzu da nake rubutawa, kunyarsa nake ji.

Ba wai ba a gaya mini ba. Maiɗakina ta sha cewa, "Maigida, yaushe za a kai Hajiya ɗakin miji? Ko zaman gidan ubanta za ta yi har tsuhwa?"

In ce, "Bari a wuce Layya."

"Layyar bara ma haka ka ce."

"In na kwance mata rago yanzu, ramewa zai yi. Ke za ki biya ni naman?"

"Ni dai na san tunkiya ba rago ba ce," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

Baffa kuwa duk ran kasuwa sai ya shiga ya dube ta. Ya danna bayanta da tafin hannu, ya ce, "Ta ƙoshi. Ta ƙoshi ƙwarai." Sau ɗaya tak ya taɓa tambayata, "Tana hita kuwa?" Na ce, "Wani lokaci." Ƙarya na yi. Ya dube ni, ya dubi turken da ƙasar gindinsa ta yi santsi don zama, bai sake tambaya ba. Haka Layya biyu suka wuce tana ɗaure.

Sai aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Ciyawa ba ta yi ba a arewa. Tun kafin zafi ya kankama harawa ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, sai dai ni Allah ya taimake ni na cika rumfata da wuri. Baffa ya daina zuwa kasuwa. Na ji an ce sun yi kudu da bisashensu, sun bi ta Kornaka suna neman karan gona, daga can kuma ban sake jin labari ba. Da ruwan farko ya zo, ya zo da ƙarfi da sanyi, kuma kowa ya san abin da irin wannan ruwa yake yi wa bisar da yunwa ta riga ta cinye. Masu zuwa daga daji suka riƙa ba da labarin da ba ya daɗin ji.

Bayan ruwan da 'yan makonni na taso na tarar da sandarsa jingine a zaure. Yana zaune a inda ya saba, sai dai rigar ta yi masa yawa. Maiɗakina ta riga ta kawo masa fura, ya sha rabi ya rufe.

Na ce, "Baffa, ina bisashe?"

Ya ce, "Sai godiya."

Can ya ce jaki ya rage, da awaki biyu na matarsa. Tumaki babu ko ɗaya. Waɗanda ya ba wasu habbanaye a daji su ma sun tafi tare da na masu riƙon. Ya faɗe shi a hankali, kamar yana ba da labarin wani. Sannan ya ce bari ya shiga ya ga tunkiyar.

Ya daɗe tsaye a kanta. Ita ko tana kwance tana tuƙa, ba abin da ya dame ta. A lokacin ne na gane cewa duk abin da ya saura na tunkiyar mahaifiyarsa a duniya, ga shi nan kwance a ƙofar gidana. Na sunkuya na kwance igiyar daga turke, na miƙa masa.

"Baffa, ga tunkiyarka. Ka tahi da ita yau."

Bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Ta haihu?"

"Ba ta haihu ba."

"To ba ta gama abin da ya kawo ta ba."

"Baffa, wane abin da ya kawo ta? Dubi raguna cike da rumfa. Ni ba ni da buƙata, kai ke da ita."

Ya ce, "Ɗana, in na amshe ta yau, mi zan ce ma mutane? Na ba ɗan abokina habbanaye, da yunwa ta taɓa ni na zo na ƙwace?"

"Wa zai sani?"

"Ni."

Na roƙe shi, maiɗakina ta fito ta roƙe shi, har maƙwabcina da ya ji muryoyi ya shigo ya sa baki. Baffa ya saurari kowa, ya yi murmushi, ya ce a maida igiya a turke. Ya ce ya samu wani mai shanu da zai riƙa yi wa kiwo ana biyansa, zai lallaɓa da haka har ta haihu. Mutumin da ya tsufa yana bin garkensa, yau zai bi na wani don abin tuwo. Da ya tafi na zauna a zauren na kasa shiga gida.

Maƙwabcina ya so ya sanyaya mini. Ya ce, "Kai, bar cin ranka. Da ta haihu tun shekarar hwarko, da ta koma daji ta mutu tare da sauran. Ɗaurin da ka yi mata shi ya tsirar da ita." Maganar gaskiya ce, na kuwa rungume ta kwana biyu ina jin sauƙi. Amma ba don in tsirar da ita na ɗaure ta ba, kuma wannan ni na sani. Allah ne ya yi nasa ikon ta cikin son zuciyata.

Abin da ya rage shi ne ta ɗauki ciki. Na zaci abu ne mai sauƙi. Na fara da yanke mata dusa da tunkuza, na bar ta da busasshiyar ciyawa. Ta ɗaga murya tun safe har yamma, unguwa duka ta san an taɓa abincin Hajiya. Na sa ta cikin garken unguwa. Ranar farko ko bayan gari ba ta kai ba, ta kwanta a tsakiyar hanya ta ƙi tashi, sai a amalanken wani mai ɗiban ruwa aka maido ta, tana zaune a kai tana kallon mutane. Mai kiwon ya ce in yi masa rai, shi tumaki yake kiwo, ba ya jinya.

Dole na koma ni ke fita da ita. Kullum bayan sallar asuba in ja ta mu zaga bayan gari, ina gaba tana baya, mu yi 'yar tafiya ta tsaya tana haki, in jira, mu ƙara. Ranar da ta ga dama mu dawo da wuri, ranar da ba ta ga dama ba in isa biro a makare in tarar da ma'aikata tsaye a bakin ƙofa, makulli yana aljihuna. Shef ɗinmu, wato shugaban biron, mutum ne mai haƙuri, amma yana da baki. Ya dubi agogo ya dube ni ya ce, "Yau ma Hajiyar ce? Ka gaya mata in tana son aikin ta kawo takardunta, mu san wa muke biya." Na ba shi labarin duka. Ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce in ba mai gadi makullin ya riƙa buɗewa, amma shara da shayi suna nan suna jirana.

Layya ta matso a lokacin. Cikin ragunana akwai wani farin balami da ban taɓa kiwon kamarsa ba, mutane har sun fara zuwa kallonsa. Shi na kwance na sake shi tare da Hajiya a bayan ɗaki. Ba da son raina na kwance shi ba, ba zan ɓoye ba. Sauran suka tafi a kan kari, shi ya zauna, don ita ba ta nuna alamar komai ba. Layya ta wuce da shi a gida, ya zube, ƙugunsa ya fito. Maƙwabcina kan leƙo ya ce, "Ango ya rame, amarya ko a jikinta."

Duk damina muna wannan fama. Ta ragu, ta fara iya bin garke, tana dawowa da ƙafarta. Sai wajen kaka maiɗakina ta ce mini ta ga rago ya daina kula ta. Bayan wani lokaci hantsarta ta fara sauka. Na aika wa Baffa ta bakin wani mai zuwa wajensu. Amsar da ta dawo gajeriya ce, wai ya ji, Allah ya raba lafiya.

Haihuwar ta zo da zafin bazara, da rana tsaka, ina can ƙarshen gari an aike ni da takardu. Maiɗakina ta kira ni a salula, muryarta ba yadda na saba ji ba. Ta ce tun hantsi Hajiya take naƙuda, abu ya ƙi fitowa. Na miƙa takardun a tsaye, na biya na ɗauko likitan bisashe a bayan moto, wato babur. Muka tarar maƙwabcina ya tuɓe riga yana riƙe da kanta. Likitan ya wanke hannu ya shiga aiki, ya daɗe yana yi, gumi yana zuba. Da ƙyar ya jawo 'yar. Mace ce, gabanta baƙi, bayanta fari, sai dai hancin na uban ne, mai ɗan lanƙwasa. Ta yi atishawa, maiɗakina ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Uwar ce ba ta tashi ba. Likitan ya ce kitsen waje ya tafi, amma na ciki yana nan, shi ya matse hanya, kuma ta wahala da yawa. Ya yi mata allura, ya ce a jira. Muka tatsi dakashi, nonon farko, muka ba 'yar. Washegari ban je biro ba. Na zauna kusa da ita ina jiƙa mata baki, tana numfashi sama sama. Da la'asar idonta ya fara juyawa. Maƙwabcina ya je gida ya dawo da wuƙa.

Ya ce, "Tashi. Kada ka bari ta zama mushe."

Na ce, "Ba tawa ba ce. Ba a yanka habbanaye."

"Ba a yanka ta don kwaɗai. Wagga tahiya za ta yi, ko ka yanka ko ba ka yanka ba. In ba ka iyawa, kauce."

Na kauce, shi ya yi. Ko tsoka ɗaya ba ta shiga tukunyarmu ba, na sa aka rarraba wa unguwa sadaka. Fatar na ce a feɗe ta da kunnuwan, na shanya, na ajiye, don mai bisa yana da haƙƙin ya ga shaidarsa da idonsa.

'Yar kuwa ta zama ta maiɗakina. Ni ina biro yini guda, ita ke fama. Ta samo kwalbar shayar da jarirai, tana karɓo nonon akuya a maƙwabta, in babu ta dama na gari. 'Yar tunkiyar ta ɗauke ta uwa. Ta bi ta madafa, ta bi ta wajen wanki, in tana salla ta tsaya a gefen tabarma tana jira. In maiɗakina ta shiga wanka sai ta tsaya a bakin zana tana kuka har ta fito.

Na aika wa Baffa cewa ina son ganinsa, ban faɗi dalili ba. Shanun da yake kiwo sun yi nisa, sai bayan wajen wata guda ya samu zuwa. Da muka gaisa na shiga na ɗauko fatar na shimfiɗa a gabansa. Ya jawo kunnen, ya bi tsagar da yatsa.

Sannan ya ce, "Kwananta ya ƙare. Ba a biyan habbanaye."

Na ce, "Baffa, ba kwana ba ne kawai. Ni na ɗaure ta shekara biyu ina tallan raguna da ita. Ranar da ka tambaye ni ko tana hita, ƙarya na yi maka."

"Na sani. Na ga turken."

"To mi ya hana ka yi magana?"

"Wanda ya ba da bisa ba shi bin ta da baki. In zan koya maka riƙo, mi ya sa na ba ka?" Ya naɗe fatar a hankali. "Nawa yunwa ta kashe su, ina tsaye a kansu. Taka ƙoshi ya kashe ta. Wa zai yi ma wani gori?"

Ana haka 'yar ta shigo zauren tana neman maiɗakina. Baffa ya bi ta da ido. Ya miƙa hannu, ta sansana ta ja baya.

Na ce, "Ga ta nan. Jinin tunkiyar mahaifiyarka ce. Ka ɗauka."

Ya girgiza kai. "Ɗiyar taka ce, haka muka yi da kai. In na amsa ya zama biya, in ya zama biya kuwa ba habbanaye na ba ka ba, bashi na ba ka."

"Kyauta na ba ka."

"Kyautar da ta biyo bayan hwata? Ko yaro ya san sunanta."

Ga abin da yake so a gabansa, ga ni ina so in ba shi, amma babu ƙofar da zai bi ya karɓa bai zubar da kansa ba. Sai muka ji muryar maiɗakina daga bayan ƙofar cikin gida, ashe tana tsaye tana ji.

Ta ce, "Baffa, in yi tambaya? Habbanayen nan, Hillani kaɗai aka yarda su ba da ita?"

Ya ce, "A'a, ɗiyata. Duk mai bisa."

"To ga mai bisa nan zaune gabanka, baki buɗe kamar an ɗauke mishi hura."

Baffa ya dube ni. Ni ma sai a lokacin na gane. Ya fara dariya a hankali, har ta kai yana tari. Ya ce, "Kaɗo, Bahaushe, da habbanaye! Abin da ban gani ba wurin uban, zan gani wurin ɗan."

Na ce, "Ka amsa ko ba ka amsa ba?"

"Ba haka ake yi ba. Kira mutum ya ji, sannan ka hwaɗi sau nawa."

Na leƙa na kira maƙwabcina, ya zo yana gyara hula. A gabansa na ce na ba Baffa wannan 'yar tunkiya habbanaye, sai ta haihu sau uku za ta dawo.

Baffa ya ce, "Uku ya yi yawa. Ni ɗaya na ce maka."

"Kai ka ce ɗaya don kai ke bayarwa. Yau ni ne."

Maƙwabcina ya ce, "Ya kama ka, Bahillace. Amsa kawai."

Ya dubi 'yar tunkiyar, sannan ya ce, "Na amsa." Ya ɗaga hannu muka shafa fatiha.

Ba a ranar ya tafi da ita ba, don tana shan kwalba. Sai da ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, ta fara ci da kanta. A 'yan watannin nan ban yarda ta san turke ba. Ran da ya zo ɗaukarta ya sa mata igiya ya ja, ta kafe ƙafa huɗu tana kuka tana waiwayen cikin gida. Ya lallashe ta da harshensu, ta ƙi. Na tura ta ta baya, ta zauna. Ƙarshe maiɗakina ta sa hijabinta ta fito ta wuce gaba. 'Yar tunkiyar ta bi ta tana tsalle, igiya tana jan ƙasa, ni da Baffa muna biye kamar 'yan rakiya, har tashar motocin arewa. Ita ta ɗaga ta da hannunta ta ɗora masa a cinya a bayan mota. Da motar ta tashi muna jin kukan har ta sha kwana. A hanyar komawa na yi wa maiɗakina magana sau biyu, ba ta amsa ba, na bar ta.

Ina nan ina kiwon ragunana, ina zuwa biro. Baffa ya ci gaba da bin shanun mutane, zuwansa kasuwa ya zama jefi jefi. Wata ran kasuwa bayan kakar shekarar da ta biyo, na taso na tarar da shi a zaure. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya tambayi tsadar dusa. Sai da ya shanye furarsa ya goge baki, sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida.

Ya ce, "A gaya ma mai kwalba ɗiyarta ta haihu. Mace."